Kowace Jiha da Mudunta: Sharhi kan Dokokin Makaranta a Amurka

Yau sharhin namu zai leƙa Amurka, inda aka shafe fiye da shekara 20 ana kokawa da tambayoyi biyu: yaya gwamnatin tarayya za ta tabbatar makaranta tana koyar da ɗan talaka, kuma wa ke da hurumin cewa wannan malami ya iya aikinsa, wancan bai iya ba?

Ranar 8 ga Janairun 2002, Shugaba George W. Bush ya je wata sakandare a garin Hamilton na jihar Ohio, ya rattaba hannu a kan dokar da Amurkawa ke kira No Child Left Behind, wato kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Sanata Ted Kennedy, jigon 'yan adawa, yana tsaye a bayansa. Majalisar wakilai ta amince da dokar da ƙuri'a 381, masu ƙi 41. A majalisar dattawa 87 da 10. Irin wannan haɗin baki ba kasafai ake ganinsa a Washinton ba. Bayan kusan shekara 14, majalisun nan biyu suka sake haɗa baki, da rinjaye kusan iri ɗaya, suka rushe mafi yawan abin da suka gina. To me ya faru a tsakani?

Da farko mai sauraro ya sani cewa tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba ko sau ɗaya. Makaranta ta jiha ce da ta gunduma, kuma gundumomin ilimi sun kai wajen 13,000, kowace da hukumarta. Babban kaso na kuɗin makaranta daga harajin gidaje da filaye yake fitowa, saboda haka unguwar masu hannu da shuni makarantarta ta wadata, unguwar talakawa kuwa sai abin da hali ya yi. Abin da tarayya ke zubawa wajen kashi ɗaya cikin goma ne. Wannan ɗan kason ya samo asali ne daga dokar 1965 ta Shugaba Lyndon Johnson, wanda shi kansa ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a garin Cotulla na Teksas. Sashen farko na dokar ya ware kuɗi domin makarantun da 'ya'yan talakawa suka fi yawa. Tun daga ranar, igiya ɗaya ce a hannun Washinton: in kana son kuɗina, ga sharaɗina. Dokar Bush sabunta ta Johnson ce, sai dai ta tamke igiyar fiye da yadda aka taɓa yi.

Sharuɗɗan su ne: kowane yaro daga aji uku zuwa aji takwas zai zauna jarrabawar karatu da lissafi duk shekara, sannan sau ɗaya a babbar sakandare. Kowace shekara sai makaranta ta matsa gaba da wani adadi, har a kai shekarar 2014, lokacin da ake so ɗari bisa ɗari na yara su kai matakin ƙwarewa. Makarantar da ke cin kuɗin talakawa in ta gaza shekara biyu a jere, a ba iyaye damar sauya wa 'ya'yansu makaranta. A ta uku, a biya wa yara darasin bayan tashi daga kuɗinta. In abin ya ci gaba, ana iya kai wa ga sauya malamai, ko miƙa makarantar ga wasu su gudanar.

Akwai abu ɗaya a dokar da har masu sukarta suke sara masa, ni ma ina cikin masu sarawa. An hana makaranta ɓuya a bayan matsakaicin maki. Dole ta fitar da sakamako rukuni-rukuni: baƙaƙen fata daban, 'yan asalin Latin Amurka daban, 'ya'yan talakawa daban, masu naƙasa daban, waɗanda Turanci ba harshen gidansu ba ne daban. Kuma sai kashi 95 cikin ɗari na kowane rukuni sun zauna jarrabawar, don kada hedimasta ya ce wa marasa ƙoƙari su huta a gida ranar. Ka ɗauki makarantar da ke unguwar manya, wadda shekara da shekaru ake yabonta. Ranar da aka raba teburin gida-gida, sai ga layin 'ya'yan masu share ofisoshi da masu wanke-wanke a gidajen abinci, rabinsu ba sa iya karanta littafin ajinsu. A da, makin 'ya'yan likitoci da lauyoyi ne ke rufa asiri. Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙen fata sun riƙe wannan sashe da hannu biyu, kuma har yau yana nan cikin doka.

Matsalar ta fara ne daga ma'aunin. Tarayya ta ce kowa ya kai ƙwarewa, amma ta bar wa kowace jiha ta rubuta jarrabawarta, ta kuma yanke makin da za a kira ƙwarewa. Kamar a ce sarkin kasuwa ya yi shela cewa duk mai hatsi ya cika mudu, sannan ya ce kowa ya zo da mudunsa daga gida. Ai ba sai an tambayi abin da zai biyo baya ba. A 2005, jarrabawar jihar Misisipi ta nuna kusan yara 9 cikin 10 na aji huɗu sun ƙware a karatu. A shekarar kuma, gwajin ƙasa baki ɗaya da ake kira NAEP, wanda babu jihar da ke da iko a kansa, ya nuna waɗanda suka ƙware ba su kai 1 cikin 5 ba. Jihar Massachusetts da ta riƙe babban mudu kuwa sai ta wayi gari makarantunta da dama suna cikin jerin waɗanda suka gaza, alhali yaranta ne ke kan gaba a gwajin ƙasa. Mai gaskiya ya sha kunya, mai wayo ya sha tafi.

A cikin aji ma abin ya canza kama. Tun da karatu da lissafi kaɗai ake hukunci a kansu, sai tarihi, kimiyya, zane da kiɗa suka fara rasa sa'o'insu. Wani bincike na 2007 ya gano fiye da gundumomi 4 cikin 10 sun rage lokacin waɗannan darussa a firamare. Sannan ga abin da masu bincike suka gani da idonsu a wata firamare a Teksas. Malamai suna raba yaran aji kashi uku: waɗanda za su ci ko an kula da su ko ba a kula ba, waɗanda ke dab da layin ci, da waɗanda suka yi nisa a baya. Duk ƙarfin malami sai ya koma kan na tsakiya, domin su ne ke ɗaga adadin makaranta. Yaron da ya fi kowa buƙata, wanda da sunansa aka yi dokar, shi aka fara ajiyewa gefe.

Ƙarshen ƙazancewar a Atlanta aka gani. A 2011 binciken gwamnatin jihar Jojiya ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a gyara takardun jarrabawa. Wasu a gidan wata malama suke taruwa ranar hutun mako, da abin goge fensir, suna share amsar yara suna rubuta daidai. Shugabar ilimin birnin, Beverly Hall, an ba ta lambar gwarzuwar shekara a 2009 saboda wannan sakamako. Ta rasu a Maris na 2015 kafin a yi mata shari'a. A watan Afrilun shekarar kotu ta sami mutum 11 da laifi a ƙarƙashin dokar da aka yi domin gungun masu manyan laifuka. Ba na wanke su, domin akwai yaran da aka ce sun iya karatu, aka hana su taimakon da ya kamace su. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ga adadin tarayya, ga na gunduma a kansa, ga garaɓasar kuɗi in an cika, ga barazanar kora in an gaza. Zuwa 2011 kusan rabin makarantun gwamnati na ƙasar an rubuta su cikin waɗanda suka gaza, kuma tambarin da ya hau kan rabin makarantu ya daina gaya wa uba komai game da makarantar ɗansa.

Don a yi adalci: binciken da masana Thomas Dee da Brian Jacob suka yi ya nuna dokar ta ɗaga lissafin 'yan aji huɗu, har da 'ya'yan talakawa. A karatu kuwa ba su ga wani canji ba.

Yanzu mu zo kan malamai, inda a ganina nan ne zuciyar maganar.

Dokar 2002 ta ce zuwa ƙarshen zangon 2005 zuwa 2006, duk mai koyar da babban darasi sai ya zama ƙwararren malami, ta kuma fassara ƙwarewar da abu uku: digiri na farko, cikakken lasisin jiha, da shaidar sanin darasin da yake koyarwa. Dalilin a fili yake. A makarantun talakawa an saba ganin wanda ya karanta motsa jiki yana koyar da lissafi, don babu wani. Sai dai an bar ƙofar baya ga tsofaffin ma'aikata: jiha tana iya tara wa malami maki daga shekarun aikinsa da bitocin da ya halarta, ta ce ya cika sharaɗi. Jihohi suka bi ta ƙofar nan da garkensu. Masu koyon aiki ma, waɗanda ke koyarwa da rana suna karatun lasisi da yamma, ma'aikatar ilimi ta ce a lissafa da su. Iyaye a Kalifoniya suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2010, amma kafin shekarar ta fita majalisa ta cusa wani saƙo cikin dokar kasafin wucin gadi, ta mayar da abin yadda yake. Cikin 'yan shekaru rahotanni suka nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na azuzuwa suna hannun ƙwararru. A takarda an gama aiki.

Da Barack Obama ya hau, shi da sakataren iliminsa Arne Duncan suka ce takarda ba ta koyarwa, a duba abin da yaro ya ƙaru da shi a hannun malami. Suna da hujja: wani rahoto na 2009 ya nuna a gundumomin da ake rubuta wa malami "ya gamsar" ko "bai gamsar ba", fiye da kashi 99 cikin ɗari sun gamsar. Sai aka fito da gasar dala biliyan 4.35, jihohi su yi takara, wadda ta yarda ta haɗa makin ɗalibai da kimanta malami ta fi samun dama. Daga 2011 kuma aka buɗe wata hanyar: jihar da ke son a ɗauke mata wa'adin 2014, wanda kowa ya san ba zai yiwu ba, sai ta karɓi wannan sharaɗi. Fiye da jihohi 40 suka karɓa. Jihar Washinton, ta can gaɓar yamma, da majalisarta ta ƙi tilasta amfani da makin jarrabawar jiha wajen auna malamai, an ƙwace nata rangwamen a 2014, har mafi yawan makarantunta suka aika wa iyaye wasiƙar cewa sun gaza.

Yadda ake awon shi ne: kwamfuta ta duba makin yaro na bara da yanayinsa, ta yi hasashen abin da zai ci bana. In ya haura hasashen, a rubuta wa malami lada. In ya gaza, a rubuta masa laifi. A baki yana da daɗin ji. Amma aji ɗaya yara 25 ne ko 30, kuma yaro biyu da suka yi zazzaɓi ranar jarrabawa, ko uku da suka sauya unguwa a tsakiyar zango, sun isa su juya lissafin. Malamin da ya fito a sama bana sai ka gan shi a ƙasa baɗi, alhali mutumin nan bai canza ba. Kuma mafi yawan malamai ba sa koyar da darasin da ake jarrabawa. Malamin zane fa? Malamar aji ɗaya fa? A Filorida sai aka riƙa auna su da makin yaran da ba su taɓa koya wa komai ba, har wasu suka kai ƙara kotu a 2013. Jaridar Los Angeles Times a 2010 ta buga sunayen malamai kusan 6,000 da matsayin kowa, a New York ma aka yi haka da wajen 18,000 a 2012. Ka yi tunanin malama ta shiga kanti sayen burodi, uwar ɗalibinta ta riga ta ga sunanta a ƙasan jeri. A 2014 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta ja kunne, ta ce yawancin bincike ya nuna bambancin malami da malami bai wuce kashi 1 zuwa 14 cikin ɗari na bambancin makin yara ba. Gidauniyar Bill Gates da abokan aikinta sun kashe sama da dala miliyan 500 a gwajin irin wannan tsari a wasu gundumomi, kuma binciken cibiyar RAND na 2018 ya ce bai ɗaga sakamakon yara ba. A babban birnin ƙasar kam an ga alamar amfani, amma can an haɗa awon da yawan shiga aji ana kallon darasi, da kuma ƙarin albashi mai tsoka.

Iyaye ma suka gaji. A 2015, kimanin yaro 1 cikin 5 a jihar New York iyayensu sun hana su zama jarrabawar.

Ranar 10 ga Disambar 2015 Obama ya sa hannu a sabuwar doka, Every Student Succeeds, wadda Sanata Lamar Alexander da Sanata Patty Murray suka jagoranta. Jarrabawar shekara-shekara tana nan, raba sakamako rukuni-rukuni yana nan. Wa'adin ɗari bisa ɗari ya tafi, jerin hukunce-hukuncen ya tafi, sharaɗin ƙwararren malami ya tafi, kuma an haramta wa sakataren ilimi gaya wa jiha yadda za ta auna malamanta. Abin da aka wajabta shi ne jiha ta ware kashi 5 cikin ɗari mafi rauni na makarantun talakawa, da sakandaren da kashi ɗaya cikin uku ko fiye na ɗalibanta ba sa kammalawa, ta yi musu wani abu. Wane abu? Ita ta sani. Ƙa'idojin da gwamnatin Obama ta rubuta don ɗaure wannan sashe ma, majalisa ta soke su a Maris na 2017, da ƙuri'a 50 da 49 a dattawa.

Masu goyon bayan sabuwar dokar suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne. Amma tarihin Amurka ya nuna akwai masu ɗakin da suka san wurin yoyon sarai, suka shimfiɗa wa ɗan baƙar fata tabarma a ƙarƙashinsa. Saboda su aka yi dokar 1965.

Abin da nake so mai sauraro ya riƙe shi ne wani ɗan layi da duk waɗannan gyare-gyare suka tsallake. Doka ta ce kafin gunduma ta karɓi kuɗin talakawa, sai ta nuna tana yi wa makarantunta adalci da nata kuɗin. Amma wajen wannan lissafi, an yarda a cire bambancin albashin da shekarun aiki ke kawowa. Ga yadda abin ke aiki: sabon malami ana tura shi makarantar da ta fi wahala. Ya yi shekara uku ko huɗu, daidai lokacin da bincike ya nuna hannunsa ya fara faɗawa, sai ya nemi canjin wuri zuwa unguwa mai sauƙi, kuma tsarin girma a aiki ya ba shi wannan dama. A turo wani sabo a madadinsa. A ƙarshe makarantar masu hali ta cika da malamai masu shekara 15 da babban albashi, ta talakawa kuma ta zama wurin koyon aiki. A littafin gunduma makarantun biyu daidai suke, tun da kowace tana da malamai 30. A zahiri kuɗin da ake kashe wa ɗan mai hali ya fi. Bush ya ƙirga takardun malami, Obama ya ƙirga makin ɗalibansa, babu wanda ya rufe wannan kafa. Dokar 2015 ta tsaya ne a kan cewa a wallafa ainihin abin da ake kashewa a kowace makaranta, jiha kuma ta bayyana ko 'ya'yan talakawa sun fi faɗawa hannun sababbin malamai da masu koyar da abin da ba su karanta ba. Wallafawa kawai, babu hukunci mai ciwo a bayanta.

Kuma korar malami maras ƙoƙari tana da ma'ana ne in akwai wanda ya fi shi yana jira a bakin ƙofa. A 2018 malaman West Virginia, Oklahoma da Arizona sun fita yajin aiki kan albashi. A 2022 ƙarancin malamai ya sa Filorida ta buɗe wa tsofaffin sojojin da ba su kammala digiri ba hanyar samun lasisin wucin gadi. Mu a nan mun san wannan ciwon: da Kaduna ta gwada malaman firamare a 2017, mutum 21,780 suka faɗi, fitar da su bai ɗauki lokaci ba, cike gurbinsu da waɗanda suka iya, su kuma zauna a ƙauyen da aka tura su, shi ne aikin da ya ja shekaru.

Abin mamaki, Misisipin nan mai ƙaramin mudu ita ce daga baya ta ba da labari mai daɗi. A 2013 ta yi dokar karatu: aka horar da malaman ƙananan azuzuwa yadda ake koyar da haɗa baƙi da wasali, aka tura masu jagoranci su zauna da su a aji a makarantun da suka fi rauni, aka riƙa gwada yara tun da wuri, aka kuma sauya jarrabawar jiha da mai tsauri. Akwai muhawara kan sashen da ke maimaita wa yaro aji uku in bai iya karatu ba. Duk da haka, a karatun aji huɗu jihar ta tashi daga ta 49 a 2013 zuwa ta 29 a 2019. Aikin na jiha ne, babu umarnin Washinton a ciki. Amma da gwajin NAEP na tarayya aka kama ƙaryar 2005, da shi kuma aka gaskata ci gaban 2019.

Shi ya sa abin da ya faru a 2025 ya cancanci a sa masa ido. A Maris na 2025 gwamnatin Donald Trump ta rage ma'aikatan ma'aikatar ilimi da kusan rabi, har da sashen ƙididdiga mai kula da wannan gwaji, sannan ranar 20 ga watan ya sa hannu a umarnin a fara shirin rufe ma'aikatar, ko da yake majalisa ce kaɗai ke da ikon soke ta. Kuɗin makarantun talakawa, wajen dala biliyan 18 a shekara, doka ce ta tanade shi, kuma sharuɗɗan 2015 suna nan a rubuce. Sai dai rahoton da jihohi 50 ke aikowa kan waɗanne yara ne ke hannun sabon malami yana buƙatar ma'aikacin da zai buɗe shi, ya kwatanta da na bara, ya ɗaga waya ya tambayi jiha dalili, kuma irin waɗannan kujeru na cikin waɗanda aka rage.